Kwaɗon da aka buɗe ba tare da an fasa shi ba

Ina da mangazar kayan gini a kusa da kasuwar Katako da ke birnin Yamai, kuma na yi shekaru ina barci hankali kwance saboda manyan kwaɗuna biyu da nake rataya wa ƙofarta ta ƙarfe. Wata safiya a lokacin hunturu na buɗe kamar kullum, na tarar babu kwali huɗu na wayar lantarki, alhali kwaɗunan suna kulle kuma ko ƙwarzane babu a jikin ƙofar. Mu biyu ne kaɗai ke riƙe da makullan, ni da ɗan ƙanwar matata da ke taya ni jiran kaya. Ban kira shi ɓarawo ba, amma na karɓe makullan daga hannunsa a gaban maƙwabta, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

Da la'asar na kai tsofaffin kwaɗunan wurin wani dattijo mai gyaran makullai don ya zaɓar mini waɗanda suka fi su girma. Ya juya ɗaya a hannu, ya ƙura wa bakin ramin makullin ido, sannan ya nuna mini wasu ƙananan lotsawa a gefensa, ya ce, "Alhaji, wannan dukansa aka yi." Daga cikin wani gwangwanin madara ya zaro makulli wanda aka goge haƙoransa da magagari har suka zama daidai wa daida kamar na zarto, ya zura shi, ya ƙwanƙwasa masa ƙotar ƙaramar guduma. A bugu na uku kwaɗon da na ba amanar dukiyata ya buɗe baki. Na ce, "Baba, wannan ai siddabaru ne." Bai yi gardama ba, sai ya miƙo mini ɗayan kwaɗon ya ce in gwada da kaina. Na daɗe ina fama, hannuna yana yin nauyi, amma kafin a kira magariba ni ma na buɗe shi, ni da ban taɓa koyon wannan sana'a ba. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni.

Dattijon ya warware cikin wani mataccen kwaɗo a kan tabarma domin in ga dalili. A ciki akwai ƴan ƙusoshi huɗu ko biyar a jere, kowace ta kasu biyu, ta ƙasa da ta sama, da ƴar naɗaɗɗiyar waya mai danno su. Makulli na gaskiya yana ɗaga kowace ƙusa zuwa daidai iyakar da zuciyar kwaɗon za ta iya juyawa. Shi kuwa bugu, kamar yadda ƙwallo ke dukan ƙwallo ya tsaya ɗayan ya wuce, yana sa ƙusoshin sama su yi tsalle gaba ɗaya, kuma a cikin wannan ƙiftawar ido hanya take buɗewa. Saboda haka kaurin ƙarfen waje, wanda shi ne muke aunawa da hannu a kasuwa kafin mu biya, ba shi da wani tasiri a nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa kwaɗon da aka ƙera da kyau, mai santsin ciki, wani lokaci ya fi mai arha saurin amsa bugu, tun da ƙusoshinsa ba sa cijewa.

Daga baya na karanta cewa wannan tsari na ƙusoshi ya bazu a duniya ne daga aikin Linus Yale ƙarami na Amurka, wanda ya yi masa rajista a 1861 da 1865, kuma har yau shi ne a yawancin kwaɗuna da kubobin ƙofofinmu. Masu sana'ar sun daɗe da sanin rauninsa, sai dai a 2005 ne Barry Wels da Rop Gonggrijp na ƙasar Holan suka wallafa bayanin da ya fito da maganar fili, kuma tun daga lokacin intanet ta kai ta ko'ina. A ganina ɓoye wannan magana ba ya kare kowa, domin mai niyyar sata ya riga ya sani, mai dukiya ne kaɗai aka bari a duhu.

Na canza yadda nake saye. Yanzu tambayata ta farko ita ce me ke cikin kwaɗon. Akwai masu aiki da ƴan fayafayai masu juyawa a maimakon ƙusoshi, irin na Abloy da Emil Henriksson ya ƙirƙiro a ƙasar Finland a 1907, waɗanda bugu ba ya yi musu komai saboda babu abin da zai yi tsalle. Tsohuwar kuba mai dogon makulli, wadda muka raina muka cire, ita ma wannan dabara ba ta cin ta. Kayan Faransa kuma wasunsu na ɗauke da tambarin A2P mai tauraro ɗaya zuwa uku, wato an gwada sun jure wa mai fasawa na minti 5, 10 ko 15, ko da yake dole a kula da jabu. Tsadarsu ta ninka ta na da, amma ba ta kai kuɗin kwali ɗaya na wayar da na rasa ba. Na kuma sa fitila a bakin mangazar, muka haɗa kuɗi da maƙwabta muka ɗauki mai gadi, tun da bugun yana da ƙara kuma mai yin sa ba ya son ido.

Gida ne ya fi tayar mini da hankali, domin irin wannan kubar ce a ƙofar da iyalina ke kwana a bayanta. Kafin in canza ta, na kira mai walda ya sa sakata biyu ta ciki, abin da babu makullin da zai taɓa daga waje.

Washegarin zuwana wurin dattijon na kira yaron, na tara maƙwabtan da suka ga na karɓe masa makullai, na buɗe tsohon kwaɗon a gabansu da bugu, sannan na ce masa, "Ɗana, na zalunce ka, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Sai da na miƙa masa sababbin makullan sau biyu kafin ya karɓa.