Daga Yamai zuwa Wagadugu a makon FESPACO

A ƙarshen watan Fabrairun 2013 na hau motar safa daga Yamai zuwa Wagadugu domin halartar FESPACO, bikin finafinan Afirka da aka soma a 1969, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. Tafiyar kimanin kilomita 500 ce, ta Torodi da Fada Ngurma, kuma a wancan lokacin matafiyi yana ratsa hanyar ba tare da fargabar 'yan bindiga ba. Mako biyu ke nan da Najeriya ta doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Kofin Afirka, don haka jami'in da ya buɗe fasfona a kan iyaka sai da ya ambaci Sunday Mba, ɗan wasan Najeriya da ya ci ƙwallon, yana girgiza kai, kafin ya buga mini hatimi.

Wagadugu garin babura ne, har mata masu goyo suna tuƙawa da kansu, amma doki ne ya mamaye tarihinsa. Mosawa, babbar ƙabilar Burkina Faso, suna danganta asalinsu ga Yennenga, 'yar sarkin da ta tsere a kan ingarma daga ƙasar da take arewacin Ghana a yau. Ingarman nan shi ne a tambarin Burkina Faso, da sunansa ake kiran ƙungiyar ƙwallon ƙasar, shi ne kuma mutum-mutumin da ake ba gwarzon FESPACO, wanda Oumarou Ganda na Nijar ya fara ɗauka a 1972.

Ranar Juma'a da sassafe na je ƙofar fadar Mogho Naba, sarkin Mosawa, inda aka gargaɗe mu da kada kowa ya ɗaga kyamara. Sarki ya fito cikin jajayen kaya kamar mai shirin yaƙi, ga doki an ɗaura masa sirdi yana jira, hakimai suka zube suna gaisuwa, aka harba bindiga har ƙasa ta amsa. Ya koma ciki, ya sake fitowa cikin fararen kaya, alamar ya fasa tafiya. Duk mako ake maimaita wannan, kuma a ganina ya fi wasu finafinan da na kalla tsari.

Da dare kuwa layin shiga Sinima Burkina yakan miƙe har titi, ɗalibai da 'yan kasuwa da baƙi daga Turai, masu tsire suna ta fifita wuta a gefe. Alain Gomis na Senegal ne ya lashe ingarman zinariya a shekarar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙa'idar da ta ce sai fim ɗin da ke kan faifan milimita 35 zai shiga babbar gasa, sharaɗin da ya rufe ƙofa ga masu aiki da kyamarar dijital, irin 'yan fim ɗin Kano da Legas. Sai a bikin 2015 aka janye ta.