Koren Yadi da Ƙwarya a Maraɗi

Saƙon murya ne ya tashe ni daga Damagaram. Ɗan yayata, yaro ɗan shekara 12, ya ari wayar uwarsa ya ce: "Kawu, don Allah ƙaƙa ake sa mutum cikin katun yana tahiya?" Sana'ata tace bidiyon biki da suna, shi ya sa a wurinsu duk abin da ya shafi hoto ni ake nema. Na fara ba shi amsa a waya, sai na ga abin ba na baki ba ne. Na naɗe koren yadi biyar, na sa kwamfutata a jaka, ranar Alhamis bayan asuba na nufi tasha.

Hanyar ba baƙuwata ba ce. Takeita, Tasawa, Gazawa, Agye, Cadawa, ga gonakin hatsi an gama girbi, an jera damma a bakin rumbuna. A Tasawa na sha fura, daga nan barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai da ƴan kabu-kabu suka kewaye motar suna kiran unguwanni. Ɗaya ya kai ni unguwar Zariya, ina rungume da yadin kamar jariri.

Yaya ta tarbe ni da kwaɗon zogale, irin na Jiratawa da ba a samun kamarsa a wajenmu. Ban kai ga wanke hannu ba yara bakwai sun cika zaure, na gida da na maƙwabta. Ashe yaron ya riga ya baza labari.

Da daddare na nuna musu abin da na sauke daga intanet kafin in taso. Wani tsohon shiri ne na Ingila mai suna Knightmare, da tashar ITV ta riƙa nunawa daga 1987 zuwa 1994. Yara huɗu ne ke shiga gasar. Ɗaya a kifa masa hular ƙarfe wadda ba ya ganin komai sai gaban ƙafarsa, a tura shi ɗakin da aka shafe da shuɗin fenti. Sauran ukun suna can gefe gaban allo, su a wurinsu ba shuɗin ɗaki suke gani ba, kurkuku ne mai ramuka da ƙofofi da dodanni, wani zanen hannu, wani aikin kwamfuta. Su za su riƙa ce masa yi gaba, tsaya, koma dama. In suka yi kuskure ya faɗa rami, wasa ya ƙare. A duk shekarun nan ƙungiya 8 kaɗai ta kai ƙarshe. Faransawa sun yi nasu a 1990, suka kira shi Le Chevalier du Labyrinthe. A 1990 ɗin kuma aka fara Hugo a Danmak, inda yaro ke zaune gida yana tuƙa ɗan aljanin katun da maɓallan wayar tarho, shirin da ya kai ƙasashe fiye da 40.

Hugo bai dame su ba, don sun saba da irinsa a waya. Na mai hular ne ya sa zauren ya yi tsit. Auta, ƴar shekara 7, ta matso ta ce: "Kawu, shi bai jin tsoro?" Na ce yana ji mana, amma ya yarda da abokansa.

Washegari muka kama aiki. Sirrin abin ba shi da yawa: ana ce wa kwamfuta duk inda ta ga launi kaza ta ɗauke shi, ta sa wani hoto a madadinsa. Kore ko shuɗi ake zaɓa saboda sun yi nesa da launin fatar mutum, kuma da wannan dabarar masu hasashen yanayi ke tsayawa gaban taswira a tele. Muka kafe yadin a bangon tsakar gida, amma sai na tuna ƙasa ma tana son kore, in ba haka ba ƙafar yaro za ta tsaya a kan yashin gidan Yaya alhali kansa yana cikin kogo. Muka je babbar kasuwa da ɗan yayata, muka bi rumfunan ƴan yadi ɗaya bayan ɗaya da ƙyalle a hannu har muka sami wanda ya dace. Kowane lanƙwasa inuwa yake yi, inuwa kuma kwamfuta ba ta ɗaukarta a matsayin kore, don haka Yaya da kanta ta zuba gawayi a dutsen guga ta miƙar mana da shi sumul.

Hular ƙarfe ba mu da ita. Babbar ƴar gidan ce ta shiga madafa ta fito da ƙwaryar fura, ta kifa wa ƙanenta. Ta rufe idonsa daidai, yana ganin yatsun ƙafarsa kawai. Na ɗora waya a kan turmi ta zama kyamara, na haɗa ta da kwamfuta ta wata manhajar kyauta mai suna OBS, masu ba da umarni suka zauna cikin ɗaki inda ba sa hango tsakar gida.

Hoton da za a sa baya ne ya jawo gardama. Ni na zo da kurkukun Turawa. Suka ce a'a, su gidan Dodo suke so, kuma Gizo ne zai tare hanya ya yi kacici-kacici, wanda ya kasa ya koma baya. Wani yaron maƙwabta mai hannun zane ya zana Gizo a takardar lakwal, na ɗauke shi hoto na sa shi yana ɗan rausaya. Rami kuwa, hoton gaɓar Gulbi na ɗauko da yamma, inda ruwa ya zaftare ƙasa. Kakarsu ta leƙo ta ce wannan gulbin ba abin wasa ba ne, shi ya cinye tsohon gari a 1945 har aka hauro tudu. Yaran suka ce to shi ya fi dacewa.

Da aka fara, abin da na gani ya fi abin da na zo koyarwa. Uku suna ihu lokaci guda, wannan na cewa dama, wancan hagu, mai ƙwarya ya daskare wuri ɗaya. Sau biyu yana faɗawa Gulbi. A karo na uku, ba wanda ya ce musu komai, suka naɗa mutum ɗaya ya riƙa magana, suka kuma gane cewa damarsu a allo ita ce hagunsa in ya fuskanto su. Yarinyar da ta karɓi maganar ta sassauta murya: "Taku biyu gaba. Tsaya nan. Kada ka motsa, ina ganin ramin." Shi kuma ya miƙa hannu cikin iska, yana taka koren yadi a hankali kamar mai tsallaka gada. Da ya kai ƙofa, matan da ke leƙe ta katanga suka rangaɗa guɗa.

Auta ta nace sai ta shiga. Ta fito da koren hijabinta na Islamiyya, sai ga fuska kaɗai tana yawo a gidan Dodo, ba jiki. Ta tsorata ta fashe da kuka, har sai da na nuna mata yadda hannuna ma ke ɓacewa in na lulluɓe shi. Daga baya ita ta ce a bar ta haka, ita ce aljanar da ke gadin ƙofa.

Abin ya tsaya mini a rai. Tashoshin yara da ke zuwa gidan nan ta tauraron ɗan Adam da Faransanci suke magana, yaranmu kallo ne kawai nasu. Ga shi aikin da a 1987 sai babban gidan tele ke iya yi, yau ya samu da waya da yadi da ƙwarya. Tatsuniya muna da ita, kacici-kacici muna da shi, yara masu kaifin baki kuwa sun cika kowace unguwa. Ina roƙon masu gidajen tele na garin nan su ware wa yara ko rabin awa ne a mako, da Hausa, su gwada.

Ranar Lahadi na kama hanyar gida. Yadin na bar shi a bangon, na sa wa ɗan yayata manhajar tace bidiyo mai suna CapCut a wayar uwarsa na nuna masa inda ake cire kore. Muna wuce Agye saƙo ya shigo. Muryar Auta ce, tana tambaya ko akuya ma za ta iya shiga gidan Dodo, don tasu fara ce, ba kore a jikinta ko kaɗan.