Daga Bergen zuwa ɗakin renon kifin salmon

Ana tsuga ruwan sama muka bar birnin Bergen na ƙasar Norwe muka nausa arewa. Hanyar takan kutsa cikin dutsen da aka huda, a fito a tarar teku ya ratso tsakanin tsaunuka. Tun 1970 aka fara kiwon salmon cikin keji a teku a tsibirin Hitra na ƙasar, yau kuwa Norwe ke samar da kusan rabin wanda ake kiwo a duniya. Ni mai kiwon tarwada ne, renon 'ya'yan kifin na je gani.

Ɗakin renon akwai sanyi, ba ka jin komai sai rurin famfo. Tankunan duk zagayayyu ne. Bututu na turo ruwa ta jikin bango, ruwan ya riƙa juyawa yana share kashi da ragowar abinci zuwa magudanar tsakiya. Na durƙusa na leƙa. Dubban 'yan kifaye, kowanne bai wuce tafin hannu ba, jikinsu ya soma ƙyallin azurfa, alamar sun kusa shiga ruwan gishiri. Duk sun fuskanci inda ruwan ke tahowa, suna kaɗa wutsiya, ba sa gaba ba sa baya.

Dattijuwar da ke kula da su ta ce da tsawon kifin suke auna gudun ruwan. Abin da ake so shi ne ya yi iyon kimanin tsawon jikinsa ɗaya a kowace daƙiƙa, don haka yana girma ana ƙara wa ruwan gudu. A haka tsokarsa ke ƙarfi, zuciyarsa ta ƙwari, abincin da ya ci ya zauna a jikinsa. Idan ruwan ya kwanta, sai su sami sukunin faɗa, manya su tare wurin abinci suna cizon fiffiken ƙanana, kuma ta raunin cuta ke shiga.

Wannan ya tsaya mini a rai. Tarwada tana ɗagowa ta shaƙi iska, shi ya sa take jure ruwan da ya kwana. Salmon kuwa ɗan kogi ne, ba ya da wannan gata.

Amma ƙarfin ruwa ma yana da iyaka. A tashar bincike ta Matre, wadda aka buɗe a 1971, an gwada: 'ya'yan da aka bari cikin gudun tsawon jiki ɗaya da rabi sun gaza sauran nauyi, don iyo ya cinye ƙarfinsu.

Da yamma muka shiga kwalekwale zuwa kejin teku. Can babu famfon da za a murɗa. Ruwa in ya lafa iskar oksijin ta ragu, in ya yi ƙarfi ya manna raunanan da jikin raga. Shi ya sa ake ɗaukar makonni ana auna gudun ruwan wuri kafin a kafa keji, wasu manoman kuma sukan riƙe 'ya'yan a tanki har su yi ƙwari kafin su sake su.