Ciki ne ko kumburi? Kalli kifin ta sama

Ƙananan kifayen ado irin su guppy, molly da platy ba sa zuba ƙwai kamar karfasa ko tarwaɗa, 'ya'ya suke haihuwa da ransu. Shi ya sa da zarar cikin kifi ya tasa a akwatin gilashi sai maigida ya fara murna, alhali wani tashin cikin ciwo ne da zai iya kashe kifin cikin 'yan kwanaki.

Fara tabbatar da cewa mace ce. Fiffiken da ke ƙarƙashin ciki, kusa da wutsiya, a jikin mace faffaɗa ne mai kusurwa uku. Na namiji siriri ne, a miƙe, da shi yake barbara. Namiji in ya kumbura babu batun ciki. Rashin namiji a akwatin kuwa ba hujja ba ne, domin macen tana ajiye maniyyi na watanni, ta haihu sau da dama daga barbara ɗaya. Wadda aka sayo daga akwatin mai sayarwa, inda maza da mata suke haɗe, a ɗauka da cikinta ta zo.

Cikin haihuwa a hankali yake girma. Guppy kan ɗauki kwana 21 zuwa 30, platy kusan haka, molly takan zarce wata. Girman yana karkata ta wajen wutsiya ne, kuma akwai baƙin tabo kusa da dubura da ke ƙara duhu da faɗi. A jikin mai hasken launi har idanun 'ya'yan ana hangowa daf da haihuwa. A kwanakin ƙarshe ƙasan cikin yakan baje, ya yi kusurwa. Tana ci da kyau, tana iyo, sai ranar haihuwa ta ƙi abinci ta laɓe. Baƙar molly ba ta nuna tabon, ita kuma nau'in da ake kira balloon molly haka take da tumbi, kada ta ruɗe ka.

A nan yanayinmu yana da tasiri. A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, watan Maris da Afrilu, ruwan akwati yakan haura digiri 30, haihuwa ta zo da wuri. Da hunturu kuma ya ja lokaci, narkewar abinci ma ta yi nauyi. Tsakanin digiri 24 da 28 ya fi musu daɗi.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne a tsaya bisa akwatin a kalli bayan kifin, ba gefensa ba. Mai ciki jikinta sumul yake. In ka ga ɓawon jikin ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, ruwa ne ya taru a jiki saboda ƙoda ta gaza, galibi bayan ƙwayoyin cuta sun samu kifin da ƙazamin ruwa ya raunana. Idanu kan firfito, kifin ya kwanta ƙasa ko ya maƙale sama yana haki. Gaskiyar magana, wanda ya kai wannan mataki da wuya ya tashi. A ware shi a wani mazubi mai iska, a sa gishirin Epsom, wanda kantin magani ke kira sulfate de magnésium, kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali a lita 20. Yana rage ruwan jikin ne kawai, ba ya gyara ƙodar. Gishirin miya ba ya maye gurbinsa.

Kumburin da ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu, ta wajen ƙirji, ɓawo a kwance, kashi na jan dogon zare ko ya tsaya gaba ɗaya, yawanci cushewar ciki ce daga yawan abinci. A hana shi ci kwana biyu zuwa uku, ba abin da zai same shi. Daga nan a dafa petits pois, wato koren wake mai ƙwaya zagaye, ba gishiri, a ɓare, a murƙushe ɗan kaɗan a ba shi. Yara masu zuba abinci duk lokacin da suka wuce sukan jawo wannan matsala. Abin da kifi zai cinye cikin minti biyu ya isa.

Jajayen zaruruwa da ke leƙowa daga dubura tsutsar camallanus ce. Tana yaɗuwa, don haka akwatin duka ake yi wa magani da levamisole, maganin tsutsa, a maimaita bayan mako biyu zuwa uku.

Ko wanne ne daga ciki, a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, da ruwan famfo da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti don sinadarin kulorin ya fita, zafinsa daidai da na akwatin. In an ɗauke wuta na awanni, famfon iska ya tsaya, kada a ciyar da su ranar. Kuma kada a matsa cikin kifi da yatsa wai don a gani ko 'ya'ya ne. Hanjinsa ake fasawa.