Ƙarar silin da ta hana mu barci

Wajen ƙarfe uku na dare ta fara, cikin sanyin Janairu, a gidanmu da ke gefen birnin Baltimore. "Cit." Sai shiru na kusan minti ɗaya, sai kuma "cit". Uwargida ta tashe ni ta ce, "Baban Ummi, abin nan na silin ne, don Allah ka cire shi mu samu mu runtsa."

Na'urar gano hayaƙi ce. A gidaje irin namu a Amurka, da wutar gida ake haɗa ta kai tsaye, kuma akwai waya ɗaya da ta haɗa dukkan na'urorin, ɗaya na jin hayaƙi sauran su ɗauka. Don haka na zaci ba ruwanta da batir. Ashe akwai ɗan batir mai volt 9 a cikinta, na ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta. Idan ya yi rauni, sanyin tsakar dare yakan ƙara rage masa ƙarfi, shi ya sa ta fi damun mutane a wannan lokacin.

Na zagaya gidan tukuna, babu hayaƙi, babu ƙauri. Kukan gobara daban ne: sau uku a jere, da ƙarfi, ya ɗan tsaya ya maimaita. Gano wacce ke ƙarar cikin guda biyar shi ya fi ba ni wuya, sai da na riƙa tsayawa ƙarƙashin kowacce ina jira. Na sa mata sabon batir, amma ba ta daina ba.

Gaskiya a lokacin raina ya raya min in cire ta in ajiye a durowa. Abin da ya hana ni shi ne tuna gobarar unguwar Bronx da ke birnin New York ta 9 ga Janairun 2022, wadda ta ci rayuka 17, takwas daga ciki yara, yawancinsu 'yan uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Wasu da suka tsira sun ce sun ji ƙararrawa amma ba su motsa da wuri ba, don ta saba kuka ba gaira ba dalili. Allah ya jiƙansu. Mun kwana da ƙarar a haka.

Da gari ya waye na je akwatin wutar gida na kashe makunnin layin. Wannan ba abin wasa ba ne, volt 120 ke bin wayoyin nan. Na hau tsani, na murɗa na'urar hagu ta fito, na zare filoginta, na cire batir, na danne maɓallin gwaji kamar daƙiƙa 20 don sauran cajin ya fita. Na zuƙe ƙurar da ke ramukanta da injin shara. Da na juya bayanta sai ga shekarar da aka ƙera ta: 2013. Shekara 10 ce iyakar aikinta, daga nan ba a amince da ita ko da batirinta sabo ne, kuma da yawa sukan yi irin wannan ƙarar don sanar da hakan.

Duka biyar ɗin sa'o'in juna ne, sai na sauya su gaba ɗaya. Filogin sababbin bai dace da tsohon ba, na kira mai gyaran wuta ya haɗa wayoyin. Da ya gama na rubuta kwanan wata a gefen kowacce, na tara yara a falo, na danna maɓallin gwaji, duka biyar suka ɗauka tare, na nuna musu ƙofar da za su bi da bishiyar da za mu haɗu a ƙarƙashinta.