Yaran da nake bibiya a filin tanis

Duk shekara idan watan Janairu ya doshi ƙarewa, nakan ware 'yan kwanaki domin bibiyar wata gasar tanis ta yara da ake yi a garin Tarbes, a kudu maso yammacin Faransa. Sunanta Les Petits As, an fara ta a 1983, kuma 'yan shekara 14 zuwa ƙasa ne ke shiga. Ina da wani littafi da nake rubuta sunayen yaran da suka burge ni da abin da na gani a hannunsu, bayan shekara uku ko huɗu kuma in koma in duba inda kowannensu ya kwana. Da na fara, sunayen waɗanda suka ɗaga kofi kawai nake rubutawa, amma yanzu ba su ne suka fi yawa a littafin ba.

Wani tsohon wasa ne ya sauya mini tunani. A 1999, a wannan gasa, Richard Gasquet ɗan Faransa ya kara da Rafael Nadal ɗan Sifaniya, dukansu suna da shekara 12, kwana 15 ne ma kacal tsakanin haihuwarsu. Gasquet ya yi nasara bayan seti uku (wato rukunan da ake raba wasa zuwa gare su), ya kuma ci gasar. Bidiyon yana YouTube, kuma duk wanda ya kalla zai ga dalilin da ya sa Faransawa suka ɗora masa buri: bugunsa na bayan hannu, da hannu ɗaya, ya riga ya nuna kamar na babba. Tun yana ɗan shekara 9 wata mujallar tanis ta ƙasarsu ta sa hotonsa a bango, a 2002 kuma ya zama na ɗaya a duniya a rukunin matasa. Da suka girma sun haɗu sau 18 a babban rukunin ƙwararru, Nadal ya cinye duka. Ba na ganin Gasquet a matsayin wanda ya gaza, domin ya kai na bakwai a duniya, abin da dubban yara ke mafarki. Sai dai idan ka sake kallon bidiyon, za ka ga Nadal yana bin kowace ƙwallo har wadda kowa ya fid da rai da ita, kuma wannan halin ne ya raka shi har ya ci kofuna 22 a gasanni huɗu mafi girma na tanis.

A shekarun yarinta, jiki yana yaudarar mai kallo. Yaron da ya riga tsaransa tsawo da ƙarfi yakan ci wasa da sabis kaɗai, wato bugun da ake buɗe kowane maki da shi, har a ɗauka gwaninta ce, alhali nan da shekara biyu sauran za su kamo shi. Na ga haka da idona a wata gasar yara da aka yi a garinmu lokacin hunturu. Wani dogon yaro ya lallasa wani ƙarami da raket ɗinsa ta kusa kai masa ƙugu. Babu alƙali a kujera, yaran ne da kansu ke faɗin ko ƙwallo ta fita. A wani maki mai muhimmanci ƙwallon dogon ta sauka a kan layi, ƙura ta tashi, babu wanda ya gani sosai, amma ƙaramin ya ɗaga hannu ya ce ta shiga. Bayan an tashi, na gan shi zaune a gindin darbejiya yana gyara zaren raket da yatsu, kocinsa ya tsuguna a gabansa yana cewa, "Ɗana, sabis ɗinka na biyu bai ji tsoro ba yau, shi nake so." Sunan ƙaramin na rubuta a ranar. Shi kuwa dogon, mahaifinsa ya yi ta daka masa tsawa daga bayan waya duk da yana kan gaba, kuma na lura duk lokacin da ya ɓarar da ƙwallo sai ya waiwaya wajen uban kafin ya kalli abokin karawarsa. Abin ya tsaya mini a rai har na koma gida.

Daga shekara 13 yaro zai iya shiga gasannin matasa na hukumar tanis ta duniya, ITF, har zuwa 18. An jera su daga J30, mafi ƙanƙanta, zuwa J500, sannan ga rukunin matasa na manyan gasanni huɗu a Melbourne, Paris, Wimbledon da New York. Ba a ba da kuɗin lada, maki kawai ake tarawa, don haka kuɗin jirgi da masauki da zaren raket yawanci a wuyan iyaye suke. Shi ya sa ba na yarda da jadawalin matasa ido rufe, domin sau da yawa yana nuna wanda ya iya yawan tafiya ne. Jannik Sinner ɗan Italiya bai ko shiga ɗari na farko a matasa ba, ya zaɓi ya riƙa shan kashi a hannun manya a ƙananan gasanni, daga baya ya zama na ɗaya a duniya.

A nahiyarmu wannan matsalar ta kuɗi ta fi tsanani, shi ya sa nake bin yaranmu da kulawa ta daban. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci kofin 'yan mata a Paris a 2011, amma sai da ta yi shekara 11 tana fafutuka kafin ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022. A wannan shekarar ce kuma Angella Okutoyi ta Kenya ta ci kofin 'yan mata na bibbiyu a Wimbledon. Ita ta bi wata hanya, ta tafi Jami'ar Auburn a Amurka inda ta haɗa karatu da wasa, sannan ta ci zinare a Wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024. Ina ganin wannan hanya ta jami'a ta fi dacewa da yawancin yaranmu, domin tana ba su fili da koci da lokaci, ba tare da iyaye sun sayar da gona ba.

Ƙaramin yaron nan na gindin darbejiya yanzu ya kusa kai kocinsa tsawo. Na ga wasansa bara, an fitar da shi a zagaye na biyu, amma sabis ɗinsa na biyu ya ƙara nauyi, ya kuma fara zuwa bakin raga. Na rubuta hakan a ƙarƙashin sunansa, na bar sauran shafin domin gasar bana.