Ranar da na ɗauki sautin ƙahon tuba

Asabar, Garwa. Tun ƙarfe 9 'yan fanfar ɗin unguwarmu, wato masu busa ƙahonin ƙarfe da ganguna, suka shigo situdiyo, suna shirin defile, wato faretin ranar ƙasa ta Kamaru na 20 ga Mayu, suna so in ɗaukar musu kiɗa biyu. Zafi kam ba a magana, amma dole na kashe fanka saboda makirfo.

Ni dai al'adata duk layin makirfon da na buɗe a mikisa, na'urar haɗa sauti, sai na danna maɓallin nan na kup-ba, wanda mutanen Najeriya ke cewa lo-kot, yana rage duk sautin da ke ƙasa da 80 Hz (Hz ma'aunin sauti ne, in lambar ta yi ƙasa sautin ya fi kauri), rugugin manyan motoci masu wucewa Marwa da takun ƙafa da iska duk yana share su. Da turombon, ƙahon nan mai zuge-zuge, ba matsala, don turombon ɗin da aka saba da shi muryarsa ta ƙasa wajen 82 Hz take tsayawa in ba an nemi na can ƙasa ba.

Da aka zo kan tuba, babban ƙahon nan mai kaurin murya, sai labari ya canja. Dattijon da ke busa ta ya saurara ya girgiza kai ya ce "ɗana, ina cikin kayana ya tafi? wannan ai kamar ta kwana da yunwa." Na ce Baba yi haƙuri bari in duba. Kuma wallahi gaskiyarsa, tuba irin tasa in ya busa ba tare da danna komai ba tana bada wajen 58 Hz, tana iya sauka ƙasa da 40 ma, kenan gindin sautin nake yankewa tun kafin ya shiga kwamfuta, kuma abin da aka yanke wajen ɗauka ba ya dawowa.

Na cire maɓallin, sai ga zuuu ɗin wuta ya fito, wutarmu 50 Hz ce, daidai inda tuba ke zaune. Na canja waya na raba soket, ya lafa. Makirfon ma na ja shi baya kamar kamu ɗaya, don in ya matsa bakin tubar sosai shi kansa yana ƙara kauri. A kwamfuta ne daga baya na sa yankan a 30 Hz kawai.

Baba ya sake saurara ya ce yauwa, yanzu ta ƙoshi. Sun tafi bayan la'asar. Jibi masu ganga za su zo.